Kasuwar gwanjo ko ciniki ido da ido?

Abba: Salamu alaikum. Maganar da muka faro jiya a shagon wasa ba ta ƙare ba, kuma ina nan kan bakana: kasuwar gwanjo, inda 'yan wasa ke saye da sayar da kaya ba tare da sun haɗu ba, ita ce ke kashe daɗin wasannin intanet. Ku dubi Diablo III. Ya fito a 2012 da kasuwar da ake sayen kaya har da kuɗi na gaske. Sai mutane suka daina farautar dodanni, suka koma zaman duba farashi, tunda takobin da za ka yi sati kana nema yana can a shimfiɗe. Blizzard, masu wasan, da kansu suka rufe kasuwar a watan Maris na 2014.

Sadiya: Wa alaikumus salam. Yaya Abba, kai ka daɗe a harkar, ba mai iya cutarka. Ni a gabana aka yi wa ƙanena Umar. Ya yi wata guda yana tara zinare, wato kuɗin cikin wasa, da datar da yake saya da kuɗin makarantarsa, suka daidaita da wani a kan sulke. Daf da zai danna amincewa, mutumin ya janye sulken ya sa wani mai kama da shi, na banza. Yaron nan ya ajiye waya a kan tabarma, bai ce uffan ba, ko tuwon dare bai ci ba. Da a kasuwar gwanjo ne, abin da ya gani shi zai samu.

Abba: Allah Ya mayar masa da alheri. Amma ai da haka kowa ya koyi ciniki.

Sadiya: A'a, wasu da haka suke barin wasan gaba ɗaya.

Malam Nura: Abba, misalinka ma bai taimake ka ba. Abin da ya ɓata Diablo III shi ne kaya masu kyau ba sa faɗowa mutum yadda ya kamata, ga dala ta shigo tsakani. World of Warcraft tun 2004 yake da gidan gwanjo, ana cire la'ada kashi 5 cikin ɗari, kuma bai hana kowa fita farauta ba. La'adar nan ma aiki take yi: tana ƙone zinare don kada ya yi yawa kaya su yi tsada.

Bashir: Ni inda nake tare da Yaya Abba shi ne masu ɓoye kaya. Mai kuɗi ya kwashe duk abin da ke kasuwa, ya dawo da shi ninki biyu, tamkar masu ɓoye hatsi kafin azumi.

Malam Nura: Gaskiya ne, amma akwai magani. A Grand Exchange, kasuwar wasan RuneScape, akwai iyakar abin da za ka iya saya cikin kowace awa 4. Kuma ku tuna, lokacin da Jagex, masu wasan, suka taƙaita ciniki tsakanin 'yan wasa don maganin masu sayar da zinaren wasa a karɓi kuɗi na gaske, jama'a ba su yarda ba, sai da aka kaɗa ƙuri'a aka dawo da shi a 2011. Mutane duka biyun suke so.

Abba: To ai nan nake nufi, Malam. Ni a Kwari na tashi, a rumfar babanmu. Daɗin ciniki shi ne a taya, ka ce albarka, a ƙara, ka sallama, gobe mutumin ya dawo ya zama naka. A gwanjo ba ka san wanda ya sayi kayanka ba, lamba ce kawai.

Bashir: Shi ya sa nake son wasan Albion. Kowane gari da kasuwarsa, farashin Martlock daban da na Caerleon. Ka ɗora kaya a kan takarkari, ka ratsa jan yanki, inda wasu 'yan wasa ke iya kai maka hari, gabanka na faɗuwa, don in aka tare ka komai ya tafi. Fatauci ne sak irin na kakanninmu, ga kasuwa ga kuma hanya.

Sadiya: Wannan na yarda da shi, don in an tare ka a hanya ka san da haɗarin ka fita. Amma Umar amana ya ba mutum. Yaya Abba, ka ce da haka ake koyo, to ka zo gida ka gaya masa da bakinka, don har yau bai sake buɗe wasan ba.

Abba: Zan shigo bayan la'asar in sha Allahu.