Ɗana ya fi son danna allo a kan riƙe fensir, in matsa masa ko in ƙyale shi?

Maman Yusuf: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Yarona shekararsa bakwai. In aka ba shi kwamfuta yana danna haruffa daidai, amma da an miƙa masa fensir sai kuka, abin da zai rubuta kuwa jagwalgwalo ne. Babansa ya ce a ƙyale shi, zamani ya wuce nan. Malamarsu kuma so take su fara haɗa haruffa, irin rubutun nan na tafiyar tsutsa. Wa zan bi?

Malamar Firamare: Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, kada ki bari ya ajiye fensir. A 2012 wata mai bincike, Karin James ta Jami'ar Indiana a Amurka, ta yi gwaji da yara 'yan shekara biyar da ba su iya karatu ba tukuna. Akwai haruffan da suka rubuta da hannu, akwai waɗanda suka danna, akwai waɗanda suka bi sawunsu a kan ɗigo-ɗigo. Da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu, rubutun hannun ne ya fi tayar da sassan da ake karatu da su. Dalilin a fili yake. A kwamfuta, b da d duk dannawa ɗaya ce, yatsa bai san bambancinsu ba. Da hannu kuwa sai yaro ya yanke shawarar inda cikin harafin zai fuskanta, kuma sai ya tuna lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ da kansa. Wahalar nan da yake wa kuka, ita ce koyon.

Baban Haidar: Malama, ban ƙi ta taki ba, amma tafiyar tsutsar nan ado ce kawai. Finland da ake yabon makarantunta ta daina tilasta ta tun 2016, ta ba koyon buga rubutu wuri. Manhajar karatu ta bai ɗaya da yawancin jihohin Amurka suka ɗauka a 2010 ma ba ta saka ta ba.

Anti Mai Ɗinki: Baban Haidar, ka ƙarasa labarin mana. California ta yi doka a 2023 ta mayar da ita firamare, daga aji ɗaya zuwa shida. A shekarar nan Sweden ita ma ta fara karkata ga littafin takarda da rubutun hannu, bayan ta cika azuzuwa da na'urori.

Malamar Firamare: Duk kun yi gaskiya, sai dai magana biyu ce aka cakuɗa. Finland ba ta jefar da fensir ba, haɗa haruffan ta sassauta. Hujja mai ƙarfi tana kan rubutu da hannu ne, ko a rarrabe ko a haɗe. Haɗawar tana da nata amfani: hannu ba ya yawan ɗagawa daga takarda, kalma tana fita a dunƙule, kuma yaro zai iya karanta tsofaffin wasiƙu. A Faransa tun farkon firamare da ita ake rubutu. Amma wanda harafinsa ɗaya bai tsaya ba, haɗa masa biyar zalunci ne. Ki roƙi malamar ta ɗan jinkirta masa.

Hajiya Kaka: 'Yata, kafin komai duba yadda yake riƙe fensirin. Yara da yawa damƙe shi suke har hannu ya yi tsami, kukan na ciwo ne ba na lalaci ba. Nemo masa mai kauri. In bahago ne kada a tilasta masa dama, karkata masa takardar kawai za a yi. A kuma gwada idonsa. Minti goma kullum ya isa, kuma ya rubuta abin da wani zai karanta, ko wasiƙa ce ga babansa.

Maman Yusuf: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To alƙalamin nan da ake rubutu da shi a kan allon kwamfuta fa?

Malamar Firamare: Ya fi dannawa kama da fensir, tunda hannu ne ke zana harafin. Sai dai gilashi na da santsi, ƙaramin hannu bai cika samun birki a kansa ba. Fara da takarda mai faɗin layi, in harafi ya zauna sai ki ba shi wancan.