Me ya sa mutum ba ya daɗewa babu numfashi alhali akwai abinci a jikinsa?

Mai_neman_sani:
Slm yan uwa, dan Allah wanda ya gane darasin nan na yadda ƙwayoyin halitta ke ciro ƙarfi daga abinci ya taimaka min. An ce ƙarfin jiki daga abinci yake fitowa, toh in haka ne ya aka yi mutum zai yi kwanaki bai ci komai ba yana raye amma in numfashi ya tsaya na 'yan mintuna shikenan? Ni a tunanina oksijin da muke shaƙa shi ne yake juyewa ya zama kabon dayoksaid mu fitar, toh meye amfaninsa kenan

Malamin_Bayoloji:
Wa alaikis salam ƙanwata, tambayarki ta yi kyau. Oksijin da kika shaƙa ba shi ke zama kabon dayoksaid ba, ruwa yake zama a ƙarshe. Kabon ɗin da kike fitarwa daga abincin ya fito.

Abincin idan ya narke ya zama gulukos, wato sukarin da jini ke ɗauka, sai ya shiga cikin ƙwayar halitta, a nan ake fasa shi gida biyu, shi ne gilaikolisis, ba ya buƙatar iska amma ribarsa ATP 2 ce kacal. ATP kuwa shi ne abin da jiki yake kashewa kai tsaye wajen motsi da tunani da bugun zuciya. Daga nan gutsattsarin su wuce mitokondiriya, wato wani ɗan sashe a cikin ƙwayar halitta inda ake samar da yawancin ƙarfi, su shiga jerin matakan da ake kira zagayen Krebs, wanda Hans Krebs ya bayyana a 1937, a ƙarasa wargaza su, kabon ya fita, a kwashe elektiron ɗinsu, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki da ke ɗauke da ƙarfin abincin.

Toh nan ne wajen da nake so ki tsaya ki duba da kyau. Elektiron ɗin nan ana miƙa su ne daga wannan furotin zuwa wancan a jikin fatar ciki ta mitokondiriya, suna wucewa ana tura haidirojin gefe guda yana taruwa kamar ruwan dam, in ya kwararo ya dawo sai ya juya wani ɗan inji da ke ƙera ATP, kuma juyawa yake yi da gaske. A ƙarshen layin dole a samu mai karɓar elektiron ɗin, shi ne oksijin. In babu shi layin ya cushe, komai ya tsaya cak ko da gulukos ya cika jini. Jiki yana da ajiyar kitse mai yawa amma ajiyarsa ta oksijin kaɗan ce ƙwarai, ita kuma ƙwaƙwalwa ATP 2 ɗin nan ba ta isarta.

Ɗan_Lab:
Malam ya gama magana wlh. Abin da zan ƙara, gubar sayanayid ma haka take kisa, tana toshe furotin na ƙarshe a layin ne, sai ka ga jini cike da oksijin amma ƙwayoyin sun kasa amfani da shi. Sannan jajayen ƙwayoyin jini da ke dakon oksijin ɗin su ba su da mitokondiriya ma sam, da gilaikolisis kaɗai suke rayuwa.

Mai_neman_sani:
Kai na gode sosai Allah ya ƙara ilimi, yanzu na gane. Amma malam littafinmu ya ce ATP 38 ake samu daga gulukos ɗaya, a intanet kuma na ga 30, wanne zan rubuta?

Malamin_Bayoloji:
Amin. 38 tsohon lissafi ne da aka yi kamar babu asara ko kaɗan. Daga baya aka gane shigo da kaya cikin mitokondiriya ma yana cin ƙarfi, kuma wani haidirojin ɗin yana zurarewa ba tare da ya juya injin ba, shi ya sa yanzu ake cewa 30 zuwa 32. A jarabawa ki bi abin da manhajarku ta ce, amma ki tambayi malaminku tukuna kafin ranar.