Man gyaɗa a injin gazuwal: abin da mutanen Maradi suka ce

Ga abin da na tattaro daga muhawarar da aka yi kan ko za a iya zuba man gyaɗa a inji a madadin gazuwal.

1. Kowa ya yarda tsofaffin injinan niƙa da na ban ruwa suna tashi da man girki. An ma gwada man gyaɗa a Paris tun 1900.
2. Matsalar kaurinsa ce. A tace shi, a ɗumama, a tada inji da gazuwal, a kashe shi da gazuwal, musamman da hunturu. In ba haka ba, baƙin dauɗa ya toshe bakin feshin mai.
3. Sabbin motoci kam, kada a kuskura.
4. An rabu kan kuɗi. Wasu sun ce man gyaɗa ya fi gazuwal tsada, kuma cimaka ce; ina bayansu. Wasu na son man da masu ƙosai suka gama suya da shi, ko na cini-da-zugu.