Farautar elk a tsaunukan Amurka: yaya ake gane mai jagora na ƙwarai?

Baban Ummi: Salamu alaikum jama'ar zaure. Mu biyu muke son zuwa farautar elk, wata ƙatuwar dabbar daji mai ƙaho, baɗi, mai yiwuwa jihar Kolorado ko ta Wayomin. Kamfanonin jagora sun cika intanet, kowa da hoton ƙaton ƙaho. Ta ina ake fara tantancewa?

Sarkin Baka: Wa alaikumus salam. Ajiye hotuna tukuna, fara da takardu. Guda biyu ne. Ta farko lasisin jiha. A Kolorado dole mai shirya farauta ya yi rajista da ofishin da ke ƙarƙashin DORA, hukumar jihar mai kula da lasisin sana'o'i, kuma sai da inshora ake yi masa. Wayomin, Montana da Aidaho kowacce na da hukumarta ta masu jagoran farauta. Nemi lambar lasisinsa, ka duba a shafin hukumar da kanka, ka ga ko yana aiki, ko an taɓa hukunta shi. Ta biyu izinin wurin. Lasisin jiha bai ba shi damar kai mutane dajin gwamnatin tarayya ba. In dajin na Forest Service ne ko na BLM, hukumomin tarayya masu kula da dazuzzuka da filayen gwamnati, akwai izini na musamman da ke faɗin yankin da aka yarje masa. Tambaye shi wane ofishin yanki ya ba shi, ka buga musu waya. In kuma gandun wani ne, ya nuna maka yarjejeniyar haya a rubuce. Wanda ya fara kame-kame a nan, sallame shi.

Baban Ummi: Allah ya ja da ran Sarki. To in shi ne ba shi da izini, ni ina ruwana? Ai kansa zai ƙare.

Sarkin Baka: Da ruwanka fa. Akwai dokar tarayya mai suna Lacey, tun 1900. Dabbar da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba, aka tsallaka iyakar jiha da namanta ko ƙahonta, magana ta koma ta tarayya, kuma wanda ya biya kuɗin ma yana iya shiga ciki. Ana ƙwace ƙaho, ana ƙwace bindiga, ana hana mutum farauta. Jihohin kuma suna da yarjejeniya a tsakaninsu, hanin da aka yi maka a ɗaya yana bin ka sauran.

Ɗan Damagaram: Kafin ku je ga kamfani ma, ku san yadda ake samun tikitin dabbar, wato izinin harbinta, don shi ke yanke inda za ku. Yawanci ƙuri'a ake yi. Wayomin tana rufe karɓar takardun baƙi a ƙarshen Janairu, Niu Meksiko a Maris, Kolorado da Montana farkon Afrilu. Wayomin da Kolorado suna aiki da maki: duk shekarar da ka nema ba ka samu ba makinka na ƙaruwa, yankuna masu kyau kuwa sai an tara na shekaru. Niu Meksiko ba ta da maki, kowa sa'arsa. Tana ware kashi 84 cikin ɗari ga 'yan jiha, kashi 10 ga waɗanda suka sa hannu da mai jagora, kashi 6 ga baƙon da ya nema shi kaɗai. Kun ga can yarjejeniya da kamfani mai rajista tana ƙara maka dama. Abin tambaya ga kowane kamfani: in ban ci ƙuri'a ba, ina makomar kafin alƙalamina? Na kirki zai mayar ko ya ɗaga maka zuwa wata shekara, kuma zai rubuta hakan.

Wani abu game da Wayomin: baƙo ba ya farautar manyan dabbobi a yankunan da aka keɓe a matsayin ƙurmin daji sai da jagora mai lasisi ko ɗan jihar da ya karɓi izinin rakiya.

Malam Na-Zazzau: Ni abin da zan jaddada shi ne alƙaluman nasara. Za ka ga an rubuta "kashi 90". Tambaya: kashi 90 na me? Da yawa abin da suke ƙirgawa shi ne an ga dabba a tazarar harbi, ba an kashe ba. Ce masa ya ba ka na shekara uku a jere: mutum nawa suka zo, nawa suka harba, nawa suka tafi da nama, nawa suka ji wa dabba rauni ta ɓace. Sannan ka kwatanta da rahoton da hukumar namun dajin jihar ke fitarwa kowace shekara, yanki yanki. A dajin gwamnati mafi yawan mafarauta hannu rabbana suke komawa gida, saboda haka wanda ya ce duk baƙinsa suna samu, ko dai gandu mai kyau ne da shi, ko akwai lauje cikin naɗi.

Sai lambobin waɗanda suka taɓa zuwa. Zai ba ka na waɗanda suka dace, wannan sananne ne. Ce kana son uku daga cikin waɗanda ba su samu komai ba bara. Su za su gaya maka ko jagora yana tashi tun duhun asuba, ko dawakai lafiyayyu ne, ko an cusa mutum goma a sansanin da aka ce na shida ne.

Kawu: Malam, ban yarda duka ba. Ƙaramin kamfani na iyali ba lallai ya ajiye lissafi irin wannan ba, kuma sau da yawa su ne suka fi sanin dajin.

Malam Na-Zazzau: Gaskiyarka Kawu, ba sai an buga a takarda ba. Amma mai baƙi goma sha biyu a shekara ya san kowa da sunansa. In ya kasa faɗa da baki, ba mantuwa ba ce.

Kawu: To na ji. Bari in ce wani abu kan kalmar "garanti". Elk na daji ba ya zuwa da alkawari. Duk inda ka ga an ce tabbas sai ka kashe, tambayi ko akwai dogon shinge. Akwai gonaki da ake kiwon su a killace, wasu jihohi sun halatta, amma ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt yana cikin waɗanda suka kafa a 1887, ba ta karɓar irin wannan a kundinta na manyan ƙahonin da aka farauto, don dabbar ba ta da hanyar tsira. In nama kake so ba laifi, sai dai kar a sayar maka da shi da sunan farauta.

Alamun marar amana a daji ba su da wuyar ganewa. Zai ce ka harba daga cikin mota ko daga kan titi. Zai ce ka harba wa abokinka a ɗaura tikitinsa. Zai matsa maka ka saki harsashi a yadi 500 alhali 250 ka saba. Zai tsallaka iyakar gandun wani ya ce babu mai gani. Lokacin harbi a Kolorado daga rabin awa kafin fitowar rana ne zuwa rabin awa bayan faɗuwarta, wanda ya ce a ɗan ƙara ba naka ba ne. Tun a waya za ka iya gwada shi: tambaye shi me yake yi in an ji wa dabba rauni. Amsar kirki ita ce a bi jini har a gaji, kuma da yawa daga cikin na ƙwarai suna ɗaukar cewa in ka zubar da jini, farautarka ta ƙare ko ba a samu dabbar ba.

Hajiya Babba: Duk kun tsaya kan ƙaho, ba wanda ya yi maganar nama. Namijin elk ya kai gwanki girma, ya ma fi, kilo 300 ba abin mamaki ba ne, kuma tsokar da za a cire tana kai kilo 90 ko fiye. A watan Satumba rana na da zafi. In ba a feɗe da wuri ba, naman wuya da na kusa da ƙashin ƙugu su ke fara lalacewa, daga ciki, don zafin jiki bai fita ba. Ku tambaya wa ke feɗewa, da me ake fito da naman, alfadarai ko bayan mutum, awa nawa kafin ya isa ɗakin sanyi. Dokar Kolorado ta wajabta ɗaukar cinyoyi biyu, karfata biyu, naman gadon baya da na cikinsa, kuma a bar shaidar namiji ne ko mace a manne da nama. Jagoran da ya fara da yanke kai ya ce a dawo wa nama gobe da rana, kun san abin da ya dame shi.

Ga mu Musulmi akwai ƙari. Mai harbi shi ke yin bisimilla yayin sakin harsashi, in an tarar da dabbar da rai a yanka. Ku gaya wa jagora tun farko kada ya ƙarasa ta da kansa. Wurin mahauci kuma ku kula sosai: naman elk ba shi da kitse, don haka sun saba haɗa niƙaƙƙen da kitsen alade ko na sa. Ku rubuta a takardar oda kada a sa komai, a kuma niƙa naku shi kaɗai. Abincin sansani ma naman alade ne karin kumallonsu, a faɗa wa mai girki da wuri.

Sai cutar CWD mai cin ƙwaƙwalwa, wadda aka fara ganowa a Kolorado a 1967. In yankin na da ita a kai samfur gwaji, kada a ci sai sakamako ya fito. Jihohi da dama sun hana shigo da ƙwaƙwalwa da ƙashin baya, shi ya sa ake zare ƙashi kafin tafiya.

Baban Ummi: Hajiya Allah ya saka. Kuɗi fa? Kuma abokin tafiyata daga Kano zai taso da bizar ziyara.

Ɗan Damagaram: Cikakken jagora na kwana biyar zuwa bakwai yawanci dala 5,000 zuwa 10,000 ne, gandu mai suna ya wuce haka. Tikitin baƙo daban, a Kolorado wajen dala 800. Tukuicin jagora kashi 10 zuwa 15, ban da mai girki da mai kula da dawakai. A yarjejeniya a rubuta kwanakin farauta zalla ban da ranar shiga da ta fita, jagora ɗaya ga mutum ɗaya ne ko ga biyu, lambar yankin, da abin da zai faru in gobarar daji ta sa an rufe wurin. Kada ku biya duka tun farko, kuma ku biya ta hanyar da ke barin shaida.

Batun abokinka: mai bizar ziyara dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga sai yana da lasisin farauta mai aiki. Shigo da tasa kuwa sai da fom 6NIA na ATF, hukumar tarayya mai kula da bindigogi, kuma yana ɗaukar makonni. Kolorado kuma tana buƙatar shaidar kwas ɗin farauta ga duk wanda aka haifa daga 1949 zuwa yau, ya fara da wannan.

Sarkin Baka: Ku kuma tambayi tsayin sansanin. Da yawa suna tsakanin mita 2,500 zuwa 3,300, mai tasowa daga Kano kuwa ciwon kai da haki za su iya kwantar da shi kwana biyun farko. Ku kwana biyu a Denba, mita 1,600, kafin ku hau. Ku faɗa wa kamfanin gaskiyar ƙarfinku da shekarunku. In ya tambaye ku nisan da kuke iya takawa da tazarar da kuka saba harbi kafin ya tambayi kafin alƙalami, ku sa shi cikin ukun da za ku binciki lasisinsu.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai. Zan fara da Niu Meksiko tunda ba mu da maki, sai kuma Kolorado, in na tace uku zan kawo amsoshinsu nan ku duba mana.