Ɗalibaina suna tambayata wa na zaɓa, ya kuke yi da irin wannan?

Malamar Civic, Kano

Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da Civic a ajin SS2 a wata sakandaren 'yan mata cikin birnin Kano. Mun zo kan batun zaɓe da aikin INEC, kuma tun da muka shiga nan ajin ya ƙi zaunuwa. Ina cikin bayanin katin zaɓe da na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, in dai kotu ce za ta faɗi wanda ya ci, don me Ummanmu ta yini a layi cikin rana?" Shari'ar kujerar gwamna take nufi, da aka yi ta ja tun daga kotun ƙararrakin zaɓe a Satumban 2023 har Kotun Ƙoli a Janairun 2024. Kafin in buɗe baki aji ya rabu biyu, 'yan gidan jar hula da 'yan gidan Gandujiyya, kowace tana juye abin da ta ji a tsakar gida. Can daga bayan aji wata ta ce, "To ke Malama wa kika dangwala wa?"

Ba na son in ce musu a yi shiru. Yarinyar nan tsakani da Allah ta yi tambayar, na gani a fuskarta, kuma nan da 2027 yawancinsu sun isa yankar kati. Amma akwai iyaye, akwai shugabar makaranta, kuma ba na son a ce ina tallar jam'iyya da allin gwamnati. Don Allah a ba ni shawara.

Tsohon malami, Zariya

Wa alaikumus salam 'yata. Tambayar wa kika zaɓa mai sauƙi ce, amsarta na cikin darasinki. Ƙuri'a sirri ce, shi ya sa ake kafa wurin dangwalawa a gefe inda ba mai leƙen ki. Ki gaya mata haka da fara'a, ki ƙara da cewa ita ma ranar da ta tashi zaɓe ba wanda zai tilasta mata faɗa, ko mijinta.

Ta farkon ce ke buƙatar zama. Ki ba su abin da ya faru daki-daki ba tare da kin nuna wa ke da gaskiya ba. Kotun farko ta zare wa Abba Kabir Yusuf ƙuri'a 165,663 a kan cewa babu hatimi da sa hannu a bayan takardun, kotun ɗaukaka ƙara ma ta cire shi, Kotun Ƙoli ta ce a mayar masa da ƙuri'un da kujerarsa. Kin ga ke nan alƙalan nan a kan takardar da Ummanta ta dangwala suke ta muhawara. Da ba ta fita ba, babu abin da za a ƙirga balle a kai kotu.

Sannan tunda 'yan mata ne, ki gaya musu matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba sai 1979. A zaɓen 1959 maza kaɗai suka yi a nan Arewa. Hajiya Gambo Sawaba, 'yar garinmu ce, a ƙarƙashin jam'iyyar NEPU ta sha duka da ɗauri a kan wannan layin da Ummanta ta tsaya.

Uban ɗaliba

Malama, ni uba ne, kuma gaskiya hankalina bai kwanta da kiran sunan 'yan siyasa a aji ba. Yaran nan ƙawaye ne, a gidan juna suke cin abinci. Ki koya musu doka da tsari, sunaye ki bar mana su a gida.

Malami a Funtuwa

Baba yana da hujja, amma sunayen ai tuni suna cikin wayoyinsu. Abin da nake yi, zaɓen monita nake mayarwa zaɓen gaske. Kwalin taliya ne akwati, rajistar aji ce kundin masu zaɓe, kowane ɗan takara da wakilinsa a wurin ƙirga. Nakan raba ajin layi-layi kamar jihohi, in ce ba wanda zai ci sai ya fi kowa ƙuri'a kuma ya samu kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na layukan, kamar yadda tsarin mulki ya shar'anta wa shugaban ƙasa. Bara wani ɗan takara ya raba alawa da safe, 'yan ajin da kansu suka kawo ƙara, muka yi darasin sayen ƙuri'a ba tare da an ambaci jam'iyya ba.

Malamar Civic, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba na Zariya, tarihin Gambo Sawaba da shi zan buɗe darasin Litinin. Malam na Funtuwa, namu ajin ya haura ɗalibai tamanin, kana gama zaɓen da ƙirga a darasi ɗaya ne ko kana raba shi kwana biyu?