Sunana ya rabu gida uku a intanet, yaya zan haɗa shi?

Assalamu alaikum malamaina. Ina koyarwa a wata babbar makaranta a nan Jos, kuma wata matsala ta sha mini kai.

Maƙaluna bakwai ne aka buga, amma kowace mujalla da yadda ta rubuta sunan mahaifina: wata da "u", wata da "o", wata kuma ta taƙaita shi zuwa harafi ɗaya. Yanzu a ResearchGate, dandalin da masu bincike ke baje maƙalunsu, huɗu kawai ke ƙarƙashin sunana, sauran sun maƙale a shafin wani mai irin sunana da ban taɓa gani ba. A Google Scholar ma, manhajar neman rubuce-rubucen ilimi, adadin waɗanda suka kafa hujja da aikina ya rabu biyu.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wata farfesa daga Kenya da muka haɗu a taro a Abuja ta neme ni don mu yi bincike tare, sai ta aika wa wancan mutumin saƙo. Sai bayan wata biyu na ji labari.

Na buɗe ORCID, rajistar da ke bai wa kowane mai bincike lambar shaida tasa, na samu lambar nan mai alƙaluma 16, na shigar da maƙalun da hannuna, amma sauran shafukan ba su canza ba. Shin mujallun zan rubuta wa su gyara, ko akwai hanyar ƙwato su daga shafin wancan mai irin sunana? Ga lokacin neman ƙarin girma ya matso.