Girka i3 a tsohuwar kwamfuta mai RAM giga 2: daga ina zan fara?

Ɗalibin Harobanda:
Assalamu alaikum, malamai da ƴan'uwa. Ina karatu a Jami'ar Abdou Moumouni a nan Yamai, kuma kwamfutar da nake aiki da ita ta hannu ce, RAM ɗinta giga 2 kacal. Na sa mata Debian 12 (wani nau'in Linux) tare da XFCE a matsayin fuskar kwamfutar, amma tana nauyi idan na buɗe abubuwa uku ko huɗu. An ba ni shawarar in gwada i3, manhajar da ke jera tagogi gefe da gefe kamar tayil ba tare da wata ta hau kan wata ba. Yaya ake girka ta, kuma da gaske za ta rage nauyin? Allon madannaina AZERTY ne.

Malam Mai Gyara:
Wa'alaikumus salam, ƙanena. Girkawar ba ta da wuya: ka rubuta `sudo apt install i3`, wanda zai sauko da i3status (mai nuna bayanai kamar caji a ƙasan allo) da i3lock (mai kulle allo) da dmenu a tare, sannan ka fita ka zaɓi i3 a wurin shigar da kalmar sirri. Kada ka cire XFCE, domin ranar da wani abu ya cije za ka so ka sami inda za ka koma. A shigarka ta farko za a tambaye ka maɓallin da kake so ya zama $mod, wato wanda za ka riƙa dannawa tare da wasu don ba i3 umarni, kuma ina ba ka shawarar maɓallin Windows, saboda manhajoji da yawa suna amfani da Alt. Daga nan $mod da Enter yana buɗe terminal, $mod da d yana kiran dmenu don neman manhaja, $mod da Shift da a kuma (q a allon QWERTY) yana rufe taga.

Maganar AZERTY ita ce ta fi muhimmanci gare mu a Nijar. Mafi yawan fayilolin saiti da ke yawo a intanet an rubuta su ne don QWERTY, inda `bindsym $mod+1` ke kai mutum filin aiki na farko, cikin filayen da i3 ke rarraba tagogi a kansu. A allonmu kuwa, sai an danne Shift lamba take fitowa, don haka wanda ya kwafo irin wannan fayil zai ga filayen aiki sun ƙi sauyawa. Maganin shi ne ka buɗe `~/.config/i3/config` ka yi amfani da `bindcode`, wanda ke duba matsayin maɓalli a kan allo: jerin lambobi yana farawa daga 10 ya ƙare a 19, wato `bindcode $mod+10 workspace number 1`, haka har na goma. Bayan kowane gyara ka danna $mod da Shift da c domin a sake karanta fayil ɗin.

Hajiya daga Tawa:
Ɗana, bayanin Malam daidai ne, amma game da nauyi kada ka sa rai fiye da kima. i3 za ta rage abin da fuskar kwamfutar ke ci, sai dai Firefox mai shafuka goma a buɗe zai cinye giga 2 ɗin ko da wace manhaja ke tsara tagogin. Ka rage shafuka, kuma ka girka `zram-tools`, mai matse bayanai a cikin RAM domin ta ƙara ɗauka.

Abin da ya fi damuna shi ne baturi, ganin yadda wuta ke ɗaukewa a lokacin zafi. i3 ba ta faɗakar da kai idan caji ya kusa ƙarewa, don haka ka sa `low_threshold = 20` a sashen baturi na saitin i3status domin rubutun ya koma ja idan lokacin da ya rage wa baturin bai kai minti 20 ba. Haka kuma ka ƙara `exec --no-startup-id nm-applet` a fayil ɗin saitin i3 idan babu shi, in ba haka ba ba za ka ga alamar Wi-Fi ba.

Ɗalibin Harobanda:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Filayen aiki suna sauyawa yanzu. Saura haruffa masu lanƙwasa, domin ina rubuta aikina da Hausa.

Malam Mai Gyara:
Ka sa `exec --no-startup-id setxkbmap -layout fr,ng -variant ,hausa -option grp:alt_shift_toggle` a fayil ɗin saitin i3, sai Alt da Shift su riƙa sauya maka tsakanin tsarin Faransanci da na Hausa. Tsarin Hausar an gina shi ne a kan QWERTY, saboda haka wasu haruffa za su canza wuri duk lokacin da ka koma kansa.